Hannu Biyu a Lamingo

Ranar Laraba na kai kakana asibiti a Lamingo.
Sanyin Jos ya sa shi riga biyu da hular ulu,
amma ba sanyi ke kaɗa hannunsa ba.
Na daman ne, wanda ke murza iska
tsakanin babban yatsa da manuni,
kamar har yau yana tantance yashi da kuza.

Jatau sunansa. Shekara talatin a bakin Dilimi,
ƙafa cikin ruwa, baya a duƙe, kwano na juyi.
Yakan ce mini: "Ranar samu ba ta da wani daɗi, yaro,
kuɗin kan ƙare kafin Juma'a.
Daɗin na cikin kwanon da ba a gama wankewa ba,
sa'ad da laka ke janyewa, ido ya kafe,
zuciya na cewa maza, maza."

Dakta Kaneng ta sa shi ya taka daga ƙofa zuwa taga.
Taku gajeru, tafin ƙafa na jan siminti.
Ta zana ƙwaƙwalwa a bayan katin magani,
ta ɗiga tawada can ciki, ƙasa-ƙasa:
"Nan ake yin wani sinadari, dofamin.
Shi ke ce wa jiki tashi, ya ce wa ƙafa ɗaga.
Na Baba ya yi ƙaranci, masu yin sa sun gaza."

Ni kuwa ina kan benci, waya a cinya,
babban yatsana na nasa aikin.
Wasa shida na haɗa, biyar sun shiga,
saura wata ƙungiya a ƙasar da ban iya faɗin sunanta ba.
Minti tamanin da uku.
Rabin kuɗin maganin nan, a kanta na aza.

Ta gan ni. Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.
Ta ce: "Ɗan aiken nan ne dai a wurinka.
Ba ya kawo zuma, bushara kawai yake yi:
ga ta can, ta kusa, ƙara taku ɗaya.
In abu ya zama tabbas, sai ya saba, ya yi shiru.
Wataƙila ce abincinsa, saura ƙiris ke tashin sa,
masu cacar nan kuma sun san haka
tun kafin tarkonsu su baza."

Minti casa'in. Ba ta shiga ba.
Abin kunyar, ban ma ji zafin sosai ba;
kafin mu kai titi neman keke
kaina ya fara jera wasannin Asabar,
kaza da kaza.

A hanya muka wuce wani tsohon ramin haƙa,
ruwa kore, shiru, ba wanda ya san zurfinsa.
Kaka ya nuna da haɓa, tunda hannu ya daina nuni:
"Gonar acca ce da, har gwiwa.
Muna ta cewa ƙara tono, arzikin na ƙasa.
Duba. Ko damo ba ya kwana nan, balle guza."

Daren nan na sa wayar a hannunsa mai rawa,
ya tura ta ƙarƙashin matashi, bai ce komai ba.
Na ci bashin cikon kuɗin maganin a gareji.

Yau kwana goma sha ɗaya. Ban ce na warke ba.
Makon farko shayin Nomau ya zame mini ruwan zafi,
hira ta zama surutu, dare ya ƙi ƙarewa.
Likita ta ce harshe zai dawo, a ba shi lokaci.
Jiya na ji citta a kofi, har na tsaya.

Kowace safiya nakan fita da shi bakin layi,
ina ƙirga masa da ƙarfi, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu,
ƙafarsa na bin muryata har masallaci.
In na zauna, nakan kama yatsana yana murza iska
a inda wayar take da.
Nakan bar shi.
Ni ma ina koyon tantance yashi da kuza.